Tabar Habana: Tarihin Daɗin da Bai Taɓa Zama Wuri Ɗaya ba

Tabar da aka fi sani a kasuwanninmu ita ce sigari: yankakken ganye a cikin farar takarda, inji ya naɗa, kafin a gama gaisawa ta cinye. Amma akwai wata taba dabam da ake gani a hannun attajirai da shugabanni, mai kauri, mai launin ƙasa, ganye zalla tun daga ciki har waje, ba takarda ba auduga. Mutum ne yake naɗa ta da hannu, kuma kara ɗaya yakan kai sa'a guda yana ci. Wadda ta fi suna a cikin irinta ita ce ta tsibirin Kyuba, wadda duniya ta sani da tabar Habana.

Galibin masu shanta ba sa haɗiye hayaƙin. Sukan riƙe shi a baki, su fitar da kaɗan ta hanci, daga nan sai musu ya tashi. Wannan ya ce ƙamshin gahawa ya ji, wancan ya ce a'a, koko ne da masoro, na uku ya ce shi dai ɗaci kawai ya sha, ya yi asarar kuɗinsa. Kowannensu yana ganin akwai wani ɗanɗano na ainihi da ya wajaba a samu a taba mai tsada. Tarihi bai goyi bayansu ba. A cikin shekara 500 abin da ake kira daɗi ya sauya sau da dama, kuma yawanci sarki ne ya sauya shi, ko ɗan kasuwa, ko takunkumi, ko mujalla, harshen mashayi ya biyo baya.

Daga hannun Taino zuwa baitulmalin sarki

A ƙarshen watan Oktoba na 1492 jiragen Kolombus suka isa gaɓar Kyuba. Da shigowar Nuwamba ya tura mutum biyu, Rodrigo de Jerez da Luis de Torres, su kutsa cikin tsibirin su nemo masa babban sarkin ƙasar. Ba su ga sarkin ba. Labarin da suka dawo da shi na maza da mata ne 'yan ƙabilar Taino, suna tafe da garwashi a hannu da busasshen ganye a naɗe, suna kunna gefe ɗaya suna zuƙar ɗayan. Su Taino ba don marmari kaɗai suke sha ba, ganyen yana cikin tsafinsu da maganinsu. Limamin coci Bartolomé de las Casas, wanda ya rubuta tarihin wancan zamani, ya ce ya ga 'yan Sifaniya da suka kamu da shan, da aka yi musu faɗa sai suka ce barin ba ya hannunsu. Ke nan tun kafin a fara zancen ɗanɗano, an riga an san irin kamun da ganyen yake yi.

An yi fiye da shekara 200 manyan Turai ba su ɗauki naɗaɗɗiyar taba a bakin komai ba. Abin yayi a fadoji shi ne garin taba da ake shaƙa a hanci, talakawa da matuƙan jirgin ruwa kuma suna fama da lofe. Ganyen Kyuba lodinsa ake yi zuwa birnin Sevilla, can ake sarrafa shi. A 1717 Sarki Felipe na Biyar ya kafa dokar babakere: manomi ba shi da ikon sayar wa kowa sai gwamnati, a farashin da gwamnati ta yanka. Manoman, waɗanda da yawansu 'yan asalin tsibiran Kanari ne, sun yi bore har sau uku, a 1717 da 1720 da 1723. A na ƙarshen aka kashe wasunsu, aka rataye gawarwakinsu a bakin hanya a wajen birnin Habana don saura su ji tsoro.

Yaƙi ne ya buɗe kasuwar. Tsakanin 1808 da 1814 sojojin Ingila da na Faransa sun gwabza a ƙasar Sifaniya, can suka koyi shan naɗaɗɗen ganye, suka koma gida da shi. A 1817 Sarki Fernando na Bakwai ya soke babakeren, mutanen Kyuba suka sami damar naɗa tabarsu su sayar wa wanda suka ga dama.

Inda ɗanɗanon yake fitowa

Ganyen da ya fi daraja yana fitowa ne daga yankin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río, yammacin tsibirin, musamman gonakin San Juan y Martínez da San Luis. Da rani ake noma shi, daga wajen Oktoba zuwa farkon sabuwar shekara. A jikin tsiro ɗaya ma ganyen ba ɗaya ba ne. Na ƙasa, wanda manoma ke kira volado, ba shi da ƙarfi amma yana cin wuta da kyau. Na tsakiya, seco, shi ke da ƙamshi. Na sama, ligero, wanda ya fi shan rana, shi ke da kauri da maiƙo da nikotin, shi ne mai bugun kai. Ganyen da za a yi wa kara riga kuwa a ƙarƙashin rumfar farin ƙyalle ake rainonsa, don ya fito da faɗi da laushi.

Bayan an tsinke, sai a soke ganyen bibbiyu da zare, a rataye a kan sanduna cikin dogon ɗakin shanya, ya yi kamar kwana 50 yana juyewa daga kore zuwa rawaya zuwa launin ƙasa. Daga nan a jibge shi tsibi-tsibi ya yi gumi da kansa. Idan zafin cikin tsibin ya yi yawa sai a warware, a kakkaɓe, a sake jibgewa, na ciki ya koma waje. Wannan gumin ne yake fitar da zarni da maƙaƙi. Sannan a ɗaure a ajiye, ganyen sama yakan yi shekara biyu ko fiye kafin a taɓa shi.

A masana'anta akwai gwanin haɗi wanda ya san rabon kowane ganye a kowane suna. Mai naɗi yana zaune a teburinsa da allon katako da wata wuƙa mai faɗi marar ƙota, ya jera ganyen ciki a tafinsa yadda iska za ta ratsa, ya ɗaure da wani ganye, ya matse a cikin katakon gwaji, sannan ya sa riga. Gwani yakan naɗa 60 zuwa 150 a wuni, gwargwadon girman karan. A ƙarshe wani ma'aikaci zai ware su bisa launi, fiye da kala 60, don duk karan da ke cikin akwati ɗaya su yi kama da juna. Wannan aiki na ƙarshe don ido ake yinsa. Har yau sabon shiga yakan ɗauka kara mai duhu shi ne mai ƙarfi, mai haske kuma mai sauƙi, alhali ƙarfin yana cikin ganyen da ba ya gani.

Zamanin suna da zobe

Da aka soke babakere sai sunaye suka fara tsirowa: Por Larrañaga a 1834, Punch a 1840, H. Upmann a 1844, wanda wani Bajamushe ma'aikacin banki ya kafa, Partagás a 1845, Hoyo de Monterrey a 1865, Romeo y Julieta a 1875. A 1865 ne kuma aka fara ɗaukar mai karatu a masana'antun Habana, yana zaune a bisa yana karanta wa masu naɗi jarida da littattafai suna aiki. Sunan Montecristo, wanda aka kafa a 1935, daga wani littafin Alexandre Dumas aka ɗauko shi. Tare da sunaye aka shigo da akwatin katako mai ƙamshi, da hotuna masu ruwan zinariya, da zoben takarda a wuyan kowane kara. Daga lokacin mashayi ya fara sanin abin da zai ji tun kafin ya ƙyasta ashana.

Marubucin Amurka Mark Twain ya ba da labarin yadda ya gwada abokansa a kan wannan. An san shi da shan taba mai arha, har baƙinsa kan zo da tasu a aljihu don gudun tasa. Wata rana ya gayyaci mutum 12 cin abincin dare, cikinsu har da wani da ba ya shan komai sai mafi tsada. Twain ya faki ido a gidan mutumin ya ɗebo masa taba mai zoben ja da zinariya, ya cire zobban, ya zuba a cikin nasa akwatin da kowa ya sani yake kuma tsoro. Bayan an ci abinci aka miƙa, kowa ya ɗauka ya kunna, ɗaki ya yi tsit. Ba a jima ba suka fara neman uzuri suna sulalewa. Da safe ya tarar da karan a zube tsakanin ƙofar ɗaki da ƙofar gida, ban da guda ɗaya da aka bari a faranti, na ainihin mai tabar, wanda zuƙa ɗaya ko biyu ya yi ya ajiye. Daga baya ma mutumin har gargaɗin Twain ya yi a kan bai wa mutane irin wannan mugun abu.

Kowace kasuwa da harshenta

Masana'antun Habana sun gane da wuri cewa masu saye ba bakinsu ɗaya ba. 'Yan Sifaniya sun fi son mai ƙarfi. Turawan Ingila sun fi son riga mai launin ƙasa, kuma dillalan Landan sukan ajiye kaya shekaru har su ɗan bushe, don a wurinsu ɗanyen kara bai isa sha ba. Winston Churchill, wanda ya fara zuwa Kyuba a 1895 yana matashin soja, a kan wannan ɗabi'a ya tashi, kuma har yau ana kiran dogon kara mai inci 7 da sunansa.

Amurkawa kuwa damshi suke so da sauƙi. Vicente Martínez Ybor ya kwashe masana'antarsa daga Habana zuwa Key West a 1869, daga can ya koma Tampa a tsakiyar shekarun 1880, inda 'yan Kyuba da 'yan Sifaniya da 'yan Italiya suka riƙa naɗa ganyen Kyuba a ƙasar Amurka. A 1929 abin da Tampa ta naɗa ya kai wajen kara miliyan 500. A wajen 1900 manoman jihar Connecticut suka fara rainon irin Sumatra a ƙarƙashin ƙyalle, suka sami riga mai haske marar yaji. Abin da zai fi ba mashayin yau mamaki shi ne daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1970, koriyar taba ce ta mamaye Amurka. Ana rufe ɗakin shanya ruf, a hura wuta na kamar kwana uku, ganyen ya bushe da korensa, ya fito da ƙamshin ɗanyar ciyawa. Ta karɓu har dillalai suka sa mata suna zaɓin kasuwar Amurka, mai launin ƙasa kuma zaɓin kasuwar Ingila. Yau koriyar ta zama abin kallo, sai jefi-jefi.

Lamarin ya yi kama da na goro. Wani ba ya cin sai fari, wani ya ce ja ya fi garɗi, wani kuma sai daushe, kuma kowannensu yana iya rantsewa nasa ne goron ƙwarai, alhali abin da ya tashi ya tarar ne.

Takunkumi ya raba suna da ƙasa

A watan Satumba na 1960 gwamnatin Fidel Castro ta ƙwace manyan masana'antun taba. A Fabrairun 1962 Shugaba Kennedy ya sa hannu a takunkumin da ya hana kayan Kyuba shiga Amurka. Kakakinsa Pierre Salinger ya ba da labarin cewa da yamma shugaban ya aike shi ya nemo masa ƙananan H. Upmann kamar dubu, washegari da safe ya kawo 1,200, sannan Kennedy ya jawo takardar ya rattaba hannu.

Masu masana'antun suka watse da iri a aljihu. Iyalan Menéndez, masu Montecristo, suka tafi tsibiran Kanari. Ramón Cifuentes na Partagás ya ƙare da haɗa kai da wani kamfanin Amurka, aka ci gaba da naɗa sunan a Jamaika, daga baya a Jamhuriyar Dominika. José Orlando Padrón ya buɗe ƙaramar masana'anta a Miami a 1964, ya kai aikinsa Estelí ta Nikaraguwa a 1970. Sun shuka irin Kyuba a sabuwar ƙasa, sai ya fito da wani ɗanɗano dabam: na Dominika ya fi laushi, na Nikaraguwa, mai ƙasar dutse mai aman wuta, ya fi yaji. Rigar da ta fi ba su wuya, sai suka same ta a Afirka. A gabashin Kamaru, wajen Batouri, da maƙwabciyarta Afirka ta Tsakiya, ƙananan manoma suna noma irin Sumatra, ganye siriri mai ƙananan ƙuraje da ɗan zaƙi. Shi ya zama rigar Partagás ta gudun hijira.

Kotunan Amurka sun bar wa tsofaffin masu sunayen haƙƙin amfani da su a can. Shi ya sa yau Montecristo biyu ne, Partagás biyu, Romeo y Julieta biyu: na Kyuba da duniya ke saye, da na Amurka da ba shi da ko ƙwayar ganyen Kyuba. Suna ɗaya, zobe kusan ɗaya, ɗanɗano ko kusa. Amurkawan da suka tashi bayan takunkumin sai suka saba da irin su Macanudo, mai rigar Connecticut, marar faɗa. Shekara 20 ko fiye, laushi shi ne daɗi.

A cikin Kyuba kuma an haifi Cohiba a 1966, daga wata taba da wani mai naɗi, Eduardo Rivera, yake yi wa abokinsa mai gadin Castro. Kyautar shugabanni da jakadu ce, ba a sayar wa jama'a ba sai 1982. Wannan ƙarancin ya ƙara mata kwarjini, ya kuma sa ta fi kowace taba yawan jabu. Ɗan kasuwar Janeba Zino Davidoff, wanda Kyuba ke naɗa wa taba da sunansa tun ƙarshen shekarun 1960, ya ƙona fiye da kara 100,000 a 1989 yana cewa ba su cancanci sayarwa ba, ya koma Dominika. Abokan cinikinsa da yawa suka bi zoben, suka koyi son sabon ɗanɗanon.

Mujalla ta raba maki

A 1992 Marvin Shanken, wanda dama yake buga mujallar giyar inabi, ya fito da Cigar Aficionado. Ya kwaso tsarin waccan ya ɗora a kan taba: ana cire zobe, a sa lamba, alƙalai su sha ba su san suna ba, su ba da maki cikin 100, su kuma rubuta abin da suka ji, fata ko koko ko kirfa ko busasshen itace. Kafin nan mashayi bai fi ya ce mai ƙarfi ce ko mai sauƙi, tana ja ko ta toshe ba. Yanzu an ba shi kalmomi, ya shiga neman su a bakinsa, in bai samu ba ya zargi harshensa ko ya zargi tabar.

Kasuwa ta haukace. Tabar hannu da ake shigarwa Amurka ta tashi daga wajen kara miliyan 100 a 1992 zuwa fiye da miliyan 400 a 1997. Ganye ya yi ƙaranci, aka riƙa naɗa wanda bai gama gumi ba, mai zarni da maƙaƙi, sababbin shiga suna saye suna yabawa. A 1998 kasuwar ta faɗi, masana'antun ci-rani suka rufe. Waɗanda suka rage suka juya wajen ƙarfi. OpusX ta iyalan Fuente, wadda ta fito a 1995 da rigar da aka noma a Dominika, da kayan Padrón masu duhu, su suka nuna hanya, har Nikaraguwa ta zo ta zarce Dominika a kasuwar Amurka. Kauri ma ya sauya. Ana auna shi da kashi 64 na inci: a da 42 ne daidai, aka koma 50, yau 60 ba abin mamaki ba ne.

Ita kanta Kyuba ba ta tsaya ba. Cutar fumfuna ta cinye amfanin gonar 1980 kusan ƙarƙaf, kuma a shekarun 1990 aka ajiye tsohon irin Corojo da aka daɗe ana yin riga da shi, aka kawo masu jure cuta irin su Habana 2000 da Criollo 98. Don haka dattijon da ya ce Habanar yau ba ta kai ta da ba yana da hujja, domin irin ma ba shi ba ne.

Abin da ya saura

Masana sun tabbatar da cewa baki ba ɗaya ba ne tun daga halitta. A 1931 wani masanin sinadarai, Arthur Fox, yana aiki da wani gari sai ya tashi a iska. Abokin aikinsa ya koka da ɗaci, shi kuwa bai ji komai ba, kuma bincike ya nuna gado ne. Mafi yawan abin da ake kira ɗanɗano ma hanci ne yake jin sa. A ƙara da abin da mutum ya ci kafin ya kunna, da damshin da aka ajiye karan a ciki, da saurin zuƙa, wanda kan sa wuta ta yi zafi hayaƙi ya yi ɗaci. Kara biyu daga akwati ɗaya ma sukan saɓa, tunda hannu ne ya naɗa. Makin mujalla shaidar bakin wasu mutane ne a wata rana, tsada kuma shaidar ƙaranci ce da suna.

Abu ɗaya ne bai sauya da yayi ba. Shugaban Amurka Ulysses Grant, wanda bakinsa ba ya rabuwa da kara, sankarar maƙogwaro ce ta kashe shi a 1885. Sigmund Freud ya kamu da sankarar muƙamuƙi a 1923, aka yi masa tiyata fiye da 30, bai daina ba har ya mutu a 1939. Castro da kansa ya ajiye ta a 1985. A 1998 cibiyar binciken sankara ta Amurka ta fitar da rahoto cewa wannan taba tana jawo sankarar baki da maƙogwaro da maƙoshi, ko mutum bai haɗiye hayaƙin ba. Kore ko baƙa, ta Habana ko ta Estelí, mai maki 95 ko jabu, a nan duk ɗaya suke. Wanda ya riga ya saba, ya sani cewa daɗin da yake karewa koya masa aka yi, kada ya raina bakin wani. Wanda bai fara ba kuwa, kada zoben zinariya ya ruɗe shi, domin sabo turken wawa ne.